Kyamarar Babanku da Wayarki

Zuwa ga autata Saratu, a gidan gwaggonki a Isa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida gwaggonki da maigidanta da yaran gida duka. Ina fata kin kwana lafiya kin tashi lafiya, kuma ciwon kan nan ya sake ki. Mu nan Sabon Birni sai godiyar Allah. Allah shi tsare ki inda kike, shi tsare ki inda za ki, shi kau da idon mugu daga kanki. Amin.

Ni ce innarki. Kin san ban san baƙi ba, ko harafi guda. Malama Rabi maƙwabciyarmu ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara mani magana, yadda ta fito haka za ta sa. Ta ce mani, "Inna Kulu, mi ya hana ki kira ta? Ga waya nan, yanzu kun gama." Na ce a'a. Abin da za ni faɗa ba na son shi shiga cikin waya. Tsoron waya nike yanzu, Auta, ko kukanta na ji cikin gida sai gabana shi faɗi.

Kawunki Bello za shi kawo maki wagga takarda bisa mashin, tare da wani ƙunshi cikin tsohon zanena mai ruwan ƙasa. Kada ki kwance ƙunshin sai kin gama karatu.

An ce mani ranar Lahadi za ki shiga mota zuwa Sakkwato, wurin matar nan mai shagon hoto da ta ce za ta ɗauke ki aiki. Ban hana ki ba. Amma kin fita gidan nan ko waiwaye ba ki yi ba, kin fita ɗauke da maganar mutane, wai ke kinka jawo abin da ya samu samarin Unguwar Lalle, ke da wayarki da sandunanki. Har ke kanki kin yarda. Na ji ki kina gaya wa ƙawarki wataƙila yatsanki ne ya taɓa wani wuri ba ki sani ba, hoton ya tahi. To ba ke ba ce. Na san wadda ta yi, kuma za ni gaya maki kafin takardar ta ƙare. Amma bakina ya yi nauyi. Ki bar ni in ɗauko maganar daga nesa, in ba haka ba ba za ta fito ba.

Ba ki san ni da kyamara a hannu ba, don lokacin da kinka yi wayo na riga na aje. Amma na yi shekaru ina ɗauka. Babanku, Allah shi jiƙan shi, shi ne mai hoton garin nan da ƙauyukan da ke kewaye, amma namiji ba ya shiga cikin gida wurin matan mutane. To in anka yi biki ko suna, ko mace za ta Makka ana son ɗan ƙaramin hoton nan, sai shi tsaya a zaure shi juya wanga shi juya wancan, shi rataya mani ita a wuya, shi ce, "Kulu, taki shida daga inda take. Rana ta kasance bayan kafaɗarki. Ki riƙe numfashi, sannan ki danna." Ni ban san mi ke rubuce jikin abin ba. Taki shida na sani, da rana, da numfashi. Sai in shiga. Mata su yi ta tsiya. Wata ta ce, "Ke Kulu, in kinka fito da ni baƙa wallahi sai na rama." Wata ta ce, "Ɗauke ni ta wanga ɓangare, haƙorin wancan ya yi tahiya." Ina dariya kyamara na rawa, sai in tuna numfashi.

Lokacin fim ne, ba a ganin komi sai an kai Sakkwato an wanko. In hotuna sunka dawo, babanku yana da ƙa'idarshi. Baƙin fim ɗin nan da ake sake wanko hoto da shi, sai shi sa almakashi shi yanke na kowace mace daban, shi haɗa da hotonta cikin ambulan, in kai mata hannu da hannu. Ba ya barin ko guda gidanmu. Wadda ta ce ba ta so, in jefa cikin murhunta tana kallo. Shi ya sa anka yarda da mu. Gidan da ko mai tallan atamfa ba ya shiga, ni ina shiga har ƙuryar ɗaki.

Ga kuskurena na farko. Akwai wata amarya a Gatawa, ba za ni faɗi sunanta ba, tana da jikoki yanzu. Na same ta ana mata kitso, babu ɗankwali, haske ya biyo ta ramukan zana ya faɗa mata a fuska. Ta ce in ɗauka, don ta aje ta riƙa gani in ta tsufa. Na ɗauka. Auta, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyaunshi ba, kafin nan da bayan nan. Da anka wanko sai mai wanki ya yi kuskure ya fito da shi biyu. Na kai mata ɗaya da fim ɗinta, ɗayan na tura ƙarƙashin kwanoni cikin kwallata. Ban gaya wa babanku ba. Na ce ni kaɗai za ni riƙa kallo.

Ana nan, wurin wani suna, mata sunka fara. Wata ta ce ai Mai Hoto ke yin komi, Kulu ɗaukar kaya kawai take, ko jaki anka rataya wa abin nan zai danna. Anka yi dariya. Raina ya ɓaci. Na ruga gida na ɗauko hoton na ce, "To ku duba, wanga jaki ne ya ɗauka?" Anka yi ta salati, wagga ta karɓa ta miƙa wa waccan. Ni ina jin daɗi ana yabona, ban ga lokacin da ya bar tsakar gida ya kai zaure ba. Cikin mazan da ke zaune akwai baffan mijinta.

Yarinyar nan ta sha magana, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. An daɗe ba a bar ta ta taka gidan biki ba. Babanku bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya goya ni a keke har Gatawa, ya durƙusa gaban mutanen da ya girma ya ba su haƙuri, ni ina tsaye bayanshi. Muna dawowa, mun kusa gari, sannan ya yi magana, bai ko juyo ba. Ya ce, "Kulu, don ke mace ce ta bar kanta a buɗe. Ba don kyamara ba."

Ki riƙe wannan, Auta. Can birni za ki shiga ɗakin amare, za su cire mayafi gabanki, za su yi rawa, za su yi shashanci, don sun ga 'yar uwarsu mace. Duk abin da kinka ɗauka nasu ne. In ya yi kyau har zuciyarki ta ce nuna wa duniya don a san kin iya, to wannan ne lokacin da za ki ji tsoron kanki. An ce mani masu sana'arku yanzu sai sun baza hotunan mutane a waya sannan a san su a kira su aiki. Ki tambayi mai fuskar, ki tambaye ta ranar da hankalinta ke kwance, ba ranar biki ba. In ta yi jim kafin ta amsa, a'a ce ta ce.

Kuskurena na biyu yana cikin ƙunshin nan. Kyamarar babanku ce, ta ƙarshen, mai ɗan katin nan da ake zarewa, wadda ya koya maki da ita a tsakar gida kina ɗaukar kaji. Ba a sace ta ba. Ni na ce maki ɓarayi sun shiga ranar da munka tahi gaisuwa. Ƙarya na yi. Kin kwana uku kina kuka, ina ba ki haƙuri, alhali tana cikin tukunya a gindin rumbu, na rufe ta da ƙaiƙayi.

Abin da ya sa, bayan rasuwarshi lamarin daji ya fara tsananta. Anka fara cewa duk wanda mutanen daji sunka gani da kyamara a wuya, ɗaukarshi suke mai kai rahoto. Na dube ki, yarinya mai ƙafar yawo, kin rantse sai kin gaji ubanki. Na ce in babu kyamara ai sana'ar ta mutu, ki zauna ki koyi ɗinki. Ban yi shawara da kowa ba. Da na zaunar da ke na ce ina jin tsoro, da mun yi magana, ko mu yi faɗa mu shirya. Sai na zaɓi ƙarya don ta fi sauƙi a bakina. In kina jin tsoron abu game da wani naki, Auta, ki gaya mashi tsoron. Kada ki ɓoye mashi hanya ki ce don shi kike yi.

Ba ki koyi ɗinki ba. Kin yi ta kitso da lalle har kinka samu waya mai ido uku a baya. Na ce alhamdu lillahi, waya ai kowa na da ita, jaka take shiga, wa zai gani? Ashe ban san komi ba. Sai ga ƙarfe mai ƙafa uku. Sai ga fitila mai zobe, farantin haske kamar wata ya sauko. Sai ga sandar nan mai juya kai da kanta kamar ƙadangare, wai don kada hoto shi yi rawa in kina tahiya. Sai ɗan abin magana mai gashi kamar ɓera da kike maƙala wa mutane a wuyan riga, da ɗan gilashin da ake ɗaura wa waya a ido, da fawa banki mai nauyin dutsen niƙa, igiyoyi ko'ina. Ranar da kinka haɗa su duka a tsakar gida kinka kunna fitilar, akuyarmu ta tsinke igiya. Kawunki Bello ya leƙo ya ce, "Auta, hoto za ki ɗauka ko gidan talabijin za ki buɗe mana?" Kinka ce, "Kawu, tsaya in ɗauke ka, ko Allah zai sa a samu wadda za ta yarda da kai." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na ɓoye abu guda da ake ratayawa a wuya, ga shi kin tara kayan da sai an ɗaure su bayan mashin, ana hango ki tun daga bakin kasuwa.

Kin sha gaya mani, "Inna, zamani ya wuce kyamara. Waya ta fi sauƙi, ta fi sauri, mace na ganin kanta nan take, in bai mata ba a sake, ga bidiyo ga murya." Ban musa maki ba, kuma yau ma ba za ni ce hotunanki ba su da kyau ba. Suna da kyau. Tsohuwa ma in ta shiga fitilar nan taki sai ta fito kamar ta sha madara wata guda. Amma ni da na riƙe ɗaya na zauna ina kallon ɗayar, ga abin da na gani. Kyamarar nan ta ƙarshe idonta na miƙewa, babanku na tsaye nesa shi jawo fuskar mutum, mutumin bai ma san ana yi ba balle shi ƙame. Ke sai kin shiga tsakiyar taro da sanda, kowa ya san ke ce, kowa ya san wa kinka ɗauka. Na ga wayarki ta yi zafi da rana tsaka ta ƙi aiki, kina mata fifita da mafici amarya na jira. Na ga an kira ki daidai lokacin da ake fito da jariri, abin ya yanke. Waɗannan duk ƙanana ne. Babban shi ne kyamara ba ta da baki. Ba ta kiran kowa, ba ta san lambar kowa ba, ba ta san gidanku ba. Abin da ta gani yana cikin ɗan kati kamar farcen babban yatsa, in kin zare shi ta zama kwano wofi. Waya kuwa, fuskar mutum na ciki, sunanshi na ciki, lambarshi na ciki, kuma yatsa guda ya isa shi fitar da su duka. Ba sai yatsanki ba.

Rabi ta aje biro ta ce in sha ruwa. Na sha. To ga shi.

Kin tuna bikin ɗan yayata, Yaya Ige, a Unguwar Lalle. Bayan ɗaurin aure ango ya kira ki bayan gidan bikin, shi da abokanshi uku da suke tsaron gari tare, sunka ce ki ɗauke su da kayan aikinsu a kafaɗa. Kin ƙi, sunka yi ta roƙo, "Haba ƙanwarmu, sau ɗaya ake aure na fari, mu gani kawai ki goge." Kinka ɗauka. Da kinka dawo ɗakin da anka sauke mu kin nuna mani, kin ce, "Inna, wanga ba za shi je wurin kowa ba. Ango shi gani da la'asar in goge." Na ce haka ya kamata.

Kinka tahi alwalar azahar, kinka bar wayar tana cin wuta jikin fawa banki, kusa da ƙafata. Sai Alhaji Tukur ya yi sallama bakin ƙofa, ɗan uwan mijin Yaya Ige, mai kai kaya Nijar. Ya ce, "Kulu, an ce ɗiyarki ta ɗauki zaratanmu. Ina son in nuna wa 'yan uwa can ƙetare, su san garinmu da sauran maza." Na ce ba ki nan. Ya ce, "Ai na sani, yaran yanzu ba su barin iyaye su taɓa masu waya. Ku dai tsofaffi sai kallo. Ashe matar Mai Hoto guda ba ta iya buɗe waya ba." Yana dariya.

Auta, na iya. Ban san baƙi ba, amma zanen nan da kike yi da yatsa in za ki buɗe ta, na gan shi sau ba adadi, ya zauna mani kamar zanen lalle. Na ɗauka na zana, ta buɗe. Hoton na nan a sama. Na miƙa mashi ina jin kaina, wai in nuna ni ma na san abin. Ya danna nan ya danna can, ya tura wa tashi, ya ce ya share sawu don kada ki yi mani faɗa. Ya tahi. Na mayar da ita inda take. Kinka shigo da ruwa a fuska kinka ce, "Ta cika?" Na ce ban duba ba. Da la'asar kinka nuna wa ango, kinka goge gabanshi, kinka ce mani, "Shi ke nan, ya mutu."

Sauran kin san shi, sai dai ba ki san ta inda ya biyo ba. Kasuwa biyu bayan nan mutanen daji sunka tare motarsu Alhaji a hanya, anka karɓe wayoyi, anka sa kowa ya buɗe tashi. Shi sun sake shi. Hoton ne sunka riƙe. Da shi sunka zo suna tambayar mutane a gona, fuska fuska. Ango ya ƙetare iyaka ya bar amarya da geron da bai yanke ba, biyu sunka bi shi. Na huɗun bai samu fita ba. Allah shi jiƙan shi, shi ba uwarshi haƙuri. Ban iya wuce ƙofar gidan da take zaune yanzu, zagayawa nike.

Alhaji ya zo wurina sau ɗaya, ya tsaya a zaure ya ce, "Kulu, mu rufa wa juna asiri." Tun ranar bai sake kwana garin nan ba. Ni kuma na rufa. Mutane sunka ce wa ya ɗauka? Saratu. Wayar wa? Ta Saratu. Anka daina kiranki biki. Kin gaida Yaya Ige ta kau da kai. Mace ta ja ɗiyarta ta rufe mata fuska da kinka wuce bakin rijiya, ina tsaye ina gani. Kina dawowa gida ki zauna ki yi ta jujjuya waya kina neman inda kinka yi kuskure, ni ina gefe ina tankaɗe. Sau nawa na buɗe baki. Sai in tuna idon yayata, in tuna uwar yaron nan, in ce bari gobe. Na bar ki kin ɗauki kayana, ke da na goya. Wanga ya fi na farkon da na biyun, ya fi buɗe wayar ma. Buɗe waya wauta ce ta lokaci guda. Shirun kuwa kullum da safe nike sake yin shi.

Shekara nawa tsakanin kwallar nan da ɗakin Unguwar Lalle, ga furfura, ga jikoki, amma mutum guda ya ce ban iya ba sai na sake miƙa fuskar wani don a ce na iya. Ki dubi wannan da kyau, don jinina ne a jikinki. Can birni za a ce maki 'yar ƙauye, za a ce mi kinka sani. Ki bar su su faɗa. Kada ki buɗe amanar kowa don ki rufe bakin wani.

Yanzu ga abin da nike roƙonki kafin Lahadi, ko kina fushi da ni ki yi shi, ba don ni ba. Hotunan mutanen da ke cikin wayar nan, shekara da shekaru, ki ba masu su abinsu, wanda ba ki samu ba ki goge. Kada ki hau hanyar Sakkwato da fuskar ko mutum guda. Ki karɓi 'yar ƙaramar wayar gwaggonki mai madannai ki riƙe a hannu, in an tambaya ita ce taki. Ƙafa ukun da fitilar da sandar ki bar su, Bello zai sa su cikin buhu a kai maki daga baya. Kada ki shiga mota da su, ba su ɓoyuwa. Kyamarar ki naɗe ta cikin tufafi, katin ki zare ki sa inda mace ke sa abin da ba ta son a gani. Rabi ta duba mani shi a kwamfuta, ta ce babu kowa ciki sai kajinki.

In kin isa ki kai ta wurin mai gyara, batirinta na san ya daɗe da mutuwa. Kowace damina ina fito da ita in goge mata ido da auduga, ban bari ta yi tsatsa ba, amma ban san cikinta ba. In uwar ɗakinki ta ce ta tsufa, ki yi aiki da ta shago, in dai kyamara ce. In kuma aikin ya ce dole sai waya da fitilarta, ban hana ba, ke kin fi ni sanin zamani. Amma wadda kike ɗaukar mutane da ita daban, wadda kike kira da ita daban. Kada ki bar ta tana cin wuta ki juya baya, ko a gidan wa. Ki sake zanen buɗewa, kuma kada ki yi shi gaban kowa. Ko gabana. Duk wanda ya ce ki ɗauke shi da makami, ko ango ne, ko ɗan uwa ne, ko kuka yake, ki ce abin ya lalace. Kuma wagga takarda in kin karanta ki sa ta a murhu. Na san halinki, kada ki ɗauki hotonta.

Ban ce ki dawo ba. Ban ce ki yafe mani yau ba, ba ni da bakin faɗin haka. In Allah ya sanyaya maki zuciya wata rana, ki aiko Bello da kalma guda, ta ishe ni. Abin da ba na so shi ne ki shiga birni kina kallon hannunki kamar hannun da ya kashe mutum. Hannunki bai yi komi ba. Kin ƙi, an matsa maki, kin ɗauka, kin goge kamar yadda kinka ce. Babanku da yana nan da bai samu abin gyara maki ba.

Rabi ta tambaye ni, "To Inna Kulu, mutanen gari fa? Takarda ai ita kaɗai za ta karanta." Na ce na sani. Yaya Ige tana nan bayan kasuwa tun da sunka baro ƙauye, uwar yaron nan ma unguwarsu guda. Yau bayan la'asar mata na taruwa gidan Yaya sussukar gero. Can za ni. Za ni tsaya tsakar gidan in faɗa yadda na faɗa maki, da zanen, da Alhaji, da shirun, gaban kowa, don kada a ce an ji an ce. Daga nan in wuce gidan da nike zagayewa. Ban san mi za su yi mani ba. Na roƙi Rabi ta raka ni ta riƙe mani hannu, kuma in ta ga na juya za ni gudu ta faɗa da bakinta. Ta ce ta yarda. Lokacin da Bello zai iso gare ki, an riga an gama.

Allah shi kai ki lafiya, shi sauke ki lafiya. Allah shi makantar da masu tare hanya ranar da za ki wuce, ke da duk wanda ke cikin motar. Allah shi haɗa ki da mutanen kirki, shi sa albarka a idonki da hannunki, shi wanke sunanki a garin ubanki. Ki gaida gwaggonki, ki ce ta sa ni a addu'a yau da la'asar.

An kira salla. Rabi, naɗe takardar, miƙo mani mayafina.

Innarki,
Kulu